Shaida Biyu a Kan Gajimare

Jiya da hantsi na ji ɗaya daga cikinku, ku sababbin ɗalibai, yana cewa a ƙofar ɗakin aiki wai sana'armu ta danna maɓalli ce: ka kunna ordinatar, wato kwamfuta, ka sha shayi, tauraro ya fito maka a allo. Ban waiwaya ba don kada ya ji kunya, amma na gane muryar. To, tunda saura kaɗan in ajiye aikin nan in koma Dogo in ci gaba da fama da gero, bari in ba ku labarin maɓallin, ku san abin da kuka sa hannu a ciki.

Mushe Haruna kuke ce mini, wato Malam a bakin 'yan Faransanci, amma a Dogo har gobe ni Haruna ɗan Malam Idi ne. Can na yi lakwal, wato firamare, na zo lise, makarantar sakandare, nan Damagaram, na wuce jami'a a Yamai, daga nan aka tura ni Faransa karatun fizik. Abin da na ƙare rayuwata ina nema kuwa abu ɗaya ne: ko wani gajimare da ke can cikin sarari yana fitar da hasken gamma, wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, ko ba ya fitarwa.

Ga yadda abin yake. Babban tauraro idan ƙarfinsa ya ƙare ba ya mutuwa a hankali, fashewa yake yi. Tarkacen da ya bari, wanda ke ta faɗaɗa shekaru dubbai, shi nake kira kufan tauraro. An daɗe ana zargin waɗannan kufai ne ke cillo ƙananan ƙwayoyin nan, furoton, da ke zubo wa duniyarmu dare da rana da gudu na fitar hankali. Amma zargi daban, hujja daban. Furoton ba ya bin miƙaƙƙiyar hanya. Maganaɗisun da ke cikin sarari yana karkata shi nan da can, kafin ya iso gare mu ya manta hanyar gidansu. Sai fa idan kusa da kufan akwai gajimare, ba na ruwa ba, na iskar gas mai sanyi da kauri. Furoton ya faɗa ciki ya yi karo da ƙwayoyin gas ɗin, karon ya haifar da hasken gamma, shi kuwa gamma ba ya karkata, kai tsaye yake zuwa. Ina yaro da majajjawa nake korar tsuntsu a gonar Baba. Dutsen majajjawa ba ka ganinsa a sama, amma in ya faɗa kan rufin kwano kowa ya ji. Gajimaren shi ne kwanon, mu kuma masu sauraron ƙara.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a ba lissafi ba ne, wanki ne. An kai ni wani tudu a kudancin Afirka inda aka kafa na'urorin hangen gamma, aka haɗa ni da wata Bafaransa gajeruwa, Madam Odil, mai saurin fushi da saurin hucewa. Na iso ina taƙama da takardun karatu, ta dube ni sama da ƙasa ta miƙo mini bokiti. Kowace na'ura wani ƙaton faranti ne na ƙarfe, an jera masa ƙananan madubai birjik, duk suna fuskantar kamara ɗaya da ke rataye a gaba. Tsuntsayen wurin kuwa sun mai da maduban makewayi.

Na ce mata, "Madam, ni fa gamma na zo gani."

Ta ce, "Gamma ba ya isowa ƙasa. Can sama yake bugun iska ya tarwatse, ya bar wani ɗan shuɗin walƙiya da ƙiftawar ido ma ta yi masa tsawo. Shi madubin ke kamawa. In madubin ya yi datti, babban gamma zai zo maka kamar ƙarami, kai kuma ka rubuta ƙarya da kyakkyawan rubutu. Hau ka wanke."

Na hau. Na wanke madubi har fatar hannuna ta yi fari, na koyi yadda ake daidaita kowane ɗaya ya kalli kamara daidai, na koyi cewa da rana dole farantin ya juya wa rana baya, in ba haka ba ya tara zafinta wuri ɗaya ya ƙone duk abin da ke gabansa. A lokacin haushi nake ji. Yau in aka kawo mini bayanai na ga ƙarfin haske ya ragu, kafin in zargi tauraro sai na tambaya yaushe rabon a duba madubi.

Bayan wanki sai sheƙa. Madam Odil ta zaunar da ni gaban allo ta ce in kalli hotunan walƙiyar ɗaya bayan ɗaya da idona, har sai na gaji na kuma gaji. Ba gamma kaɗai ke yin walƙiyar ba, furoton ma da ya bugi iska yana yi, kuma su ne kusan duka. Hoton gamma siriri ne, mai tsari, kamar ƙwallon dabino. Na furoton kuwa a watse yake, nan ɗigo can ɗigo. Aikin shi ne a fitar da ƙaiƙayi a bar tsaba. E, ordinatar ce ke yin sheƙar, wannan gaskiyar mai maganar maɓalli ce. Amma kai ne za ka faɗa mata abin da za ta zubar da abin da za ta riƙe. In ka tsananta, ka zubar da tsabar. In ka sassauta, ka ci ƙaiƙayi kana santi.

Shi ya sa muke da dokoki biyu, kuma wanda ba zai iya da su ba gara ya nemi wata sana'a tun yau. Ta farko: kana gyara ma'aunin sheƙarka ne a kan wani wuri da kowa ya san yana fitar da gamma, ka ɗaure shi, sannan ka buɗe bayanan abin da kake nema. Da ka buɗe, hannunka ya fita. Mutum in yana son ganin abu, zai yi ta taɓa nan yana taɓa can har abin ya fito, kuma ya rantse bai yi komai ba. Bayan sheƙa ma ƙaiƙayi yana saura, don haka sai ka ƙirga abin da ya fito daga wajen gajimaren, ka ƙirga na wani fili kusa da shi inda babu komai, ka ga ko akwai rara. Rarar nan ita ce abincinmu. Doka ta biyu: duk rarar da ka gani, ba ka isa ka faɗa wa duniya ba sai wani mutum daban, da nasa kayan lissafi daban, ya ɗauki bayanan tun daga tushe ya ga abin da ka gani.

Wani abu guda ne na fi abokan aikina sabawa da shi tun daga gida, wato wata. Kamarorin wancan lokaci ba sa jure farin wata, sai a duhunsa ake kallo, saboda haka duk rayuwar wurin a kan wata take tafiya. Turawa na duba kalanda, ni kuwa da na ɗaga kai na san inda muke. Baba yana cikin dattawan da ke hawa tudun yamma da Dogo duban jinjirin watan azumi da na salla, kuma idonsa sananne ne a garin. Tun ina ƙarami nake bin sa.

Masu cinikinmu iri biyu ne. Akwai na gida. Duk zuwan da na yi hutu sai gwaggona ta tambaye ni ko damina za ta yi kyau bana, tunda ga ni ina aikin gajimare. Wani Alhaji a unguwar Zengo ya taɓa jan hannuna gefe, ya rage murya, wai in duba masa tauraronsa ko tafiyar Kano za ta yi riba. Na ce masa, "Alhaji, tauraron da nake dubawa ya fashe tun ba a san za a yi Damagaram ba, kuma shi kansa bai san ranar tana zuwa ba." Ya sake mini hannu, bai ƙara gaishe ni da fara'a ba. Sai kuma masu ciniki na gaskiya, 'yan'uwanmu ma'aikata. Waɗannan ba sa karɓar kayanka don su yaba. Suna karɓa ne su jijjiga su ga ko zai karye.

Gajimaren nawa na same shi ne bayan na fara tsayawa da ƙafata. Yana gefen wani tsohon kufai, ba manne da shi ba, da ɗan rata, kuma masu auna gas sun ce yana da kauri sosai. Lissafi ya nuna in dai furoton na tserewa daga kufan, ya kamata wasu sun isa gare shi. Na nemi a ba ni lokacin na'ura, aka ja mini rai, aka ba ni. Na ɗaure ma'aunina yadda aka koya mini, na buɗe, sai ga rara. Ba ta da yawa, amma tana nan, daidai inda gas ya fi kauri. Wallahi ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. A lokacin Madam Odil ta koma wani rukuni mai nasa kayan lissafi, ita aka ba shaida ta biyu. Na aika mata, na taho gida hutu.

Na tarar da Baba a ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya. Na zauna na ba shi labari tun daga tauraro har kwano, ina yi ina zana masa a ƙasa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kai da wa kuka gani?"

Na ce, "Ni kaɗai tukuna, Baba. Akwai wadda ke dubawa."

Ya ce, "To madalla. Ashe ku ma haka kuke yi. Ni ma na sha ganin wata ni kaɗai, in rantse na gan shi, a waiwaya a rasa na biyu. Sai in sauko in yi shiru. Kada ka faɗa wa gwaggonka, kafin la'asar ta kai labarin har garin Mirya."

Ban faɗa mata ba, kuma Allah ya taimake ni. Da na koma, Madam Odil ta kira ni. Ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce, "Haruna, ban gani ba. Aikinka ba kuskure, na bi shi layi-layi. Ƙaiƙayi ne ya taru wuri ɗaya ya yi kama da tsaba, yana faruwa." Na ce a ƙara kallo. Aka ƙara. Shekarar kuwa ta zo da gobarar daji a yankin, hayaƙi ya cika sama, yawancin abin da aka ɗauka bai yi amfani ba. Ɗan abin da ya tsira na zuba a kan na da, sai rarar ta yi ta raguwa maimakon ta ƙaru, har ta zama ba a iya bambanta ta da filin banza. Wannan ita ce muguwar shekarata. Na rubuta takarda mai cewa in ma gajimaren yana haske, to bai wuce kaza ba. Takarda ce ta gaskiya, kuma ba wanda ya yi mini barka a kanta. Wa'adina a can ya ƙare, ba a sabunta ba, na tattara na dawo.

Na ji ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Amma dawowar ta yi mini rana. Na yi aure, na koyar, na ci tuwon gero mai zafi maimakon burodi mai sanyi. Tsofaffin abokan aiki ba su yar da ni ba, suka bar mini ƙofar bayanai a buɗe, muka kafa ɗakin nan da kuke gani. Kun san halinsa. Ka sa lissafi ya yi nisa, a ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ka dawo farko. A watannin zafi sai mun jiƙa buhu mun rataya a taga don ordinatoci su sha iska, mu masu su kuwa ko oho. Duk da haka aikin da ke fita daga nan ba ya jin kunyar na ko'ina.

Sai ga Falmata. Kun san ta, ita ce ke koya muku lissafi yanzu, amma lokacin ɗaliba ce, 'yar unguwar Kara-Kara, iyayenta mutanen Barno, ga kai ga taurin kai. Da lokacin zaɓen abin da za ta yi tezi a kai, wato kundin digirinta, ya zo, na jera mata batutuwa masu sauƙi waɗanda na san za su haifu. Ta ture su ta ce gajimarena take so.

Na ce, "Falmata, wannan ya cinye ni. In kika buɗe kika tarar ba komai, shekarunki sun tafi, kuma ba a jiran kowa."

Ta ce, "Mushe, an sake wa madubai fuska, an sa sababbin kamarori da ke aiki ko da ɗan farin wata. Abin da aka tara yanzu ya ninka naka. In babu, sai in rubuta babu, kamar yadda ka yi. Ai ba ka mutu ba."

Na ɗauki takardar na sa hannu.

Ta yi wahala, kuma na ƙara mata. Na sa ta kallon hotuna da ido har ta fara mafarkin ƙwallon dabino. Ta ɗaure ma'auninta, na sa ta kwance ta sake ɗaurewa. Ranar da za ta buɗe bayanan gajimaren na fita na bar mata ɗakin, na je na zauna wajen mai shayi a bakin titi, don na san fuskata za ta dame ta. Ban gama kofin ba sai ga ta a tsaye a kaina, mayafi a karkace.

"Mushe, taso."

Na taso. Rara ce a allo, ba irin tawa mai jin kunya ba, babba, kwance a kan gajimaren daidai inda gas ya fi kauri. Na ja kujera na zauna ina kallo.

Lokacin kare tezinta ya matso, kuma ba za a karɓi wannan sakamako ba sai da shaida ta biyu. Ƙawayenta na ta zuga ta ta saka hoton a salula kowa ya gani. Ita kuma ta zo mini da dabara.

"Mushe, kai ka duba mana. Wa ya fi ka sanin gajimaren nan?"

Na ce, "Shi ya sa ba zan duba ba. Ni na koya miki, da kayana kika yi aiki, in akwai rami a hanyar tare za mu faɗa. Kuma ni ina son abin nan ya zama gaskiya fiye da ke. Mai irin wannan so ba ya shaida."

"To wa?"

"Wadda ta ce mini babu."

Ta zaro ido. "Tsohuwar nan? Wallahi kashe ni za ta yi."

"In ta kashe ki, da gaskiya ta kashe ki."

Muka aika wa Madam Odil, wadda ita ma tana gab da ajiye aiki. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta aiko tambaya, Falmata ta amsa, ta sake aiko wata. Ta tambayi hayaƙi, ta tambayi madubai, ta tambayi wani tauraro mai haske da ke kusa da filin banzan da muke gwadawa da shi ko ya rikita kamara. Falmata ta rame. Mahaifiyarta ta aiko mini da saƙo wai me nake yi wa 'yarta. Ni kaina abinci ya daina yi mini daɗi, amma a gabanta sai in yi ta raha kamar ba komai. Wata ya fito ya cika ya ragu, ba amsa.

Ranar da amsar ta zo ina cikin aji da rana tsaka, alli a hannu. Salula ta yi ƙara, na ga sunan, na fita ban ko ba da uzuri ba. Na ce, "Madam."

Ta ce, "Ba kai nake nema ba. Ba ni yarinyar."

Na aika aka kira Falmata, na miƙa mata, na koma gefe ina kallon fuskarta. Ta yi ta cewa to, to, to. Can sai ta zauna a kan dakali ta rufe fuska da mayafi. Na ce a raina shi ke nan, an sake cewa babu. Sai ta miƙo mini salular, na ji muryar tsohuwar tana cewa, "Na gani, Haruna. Nawa ya ɗan yi ƙasa da nata, amma yana nan, kuma ƙarfinsa irin wanda furoton ke bayarwa ne. Gajimarenka yana haske. Kayan aikinmu ne ba su kai ba a wancan lokaci."

Na yi murna irin wadda ban taɓa yi ba. Na kuma ji ɗan kishi, kaɗan, na wuni ɗaya, don sunan Falmata ne a gaba a takardar, kuma haka ya kamata. Ta kare tezinta, dangi suka cika zauren, mahaifiyarta ta yafe mini.

Ran Juma'ar da ta biyo na hau mota zuwa Dogo. Baba ya tsufa ƙwarai, idon nan da gari ke ji da shi ya tafi, sai dai ya gane mutum da murya. Na same shi a kan tabarma a inuwar zaure. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ka tuna gajimaren nan? An gan shi."

Ya juyo da kunnensa wajena. "Kai da wa?"

"Ba ni ba ne. Wata ɗalibata ce, Falmata, da tsohuwar da ta koya mini aiki. Kowacce ta duba ita kaɗai."

"Su biyu."

"Su biyu."

"Kai fa?"

Na ce, "Ni an faɗa mini ne, Baba."

Ya yi dariya har da tari. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "Yo ni ma yau shekara nawa rabona da ganin wata? Yaran da na koya wa inda ake dubawa su ke hawa tudun. In sun sauko su biyu suka ce sun gani, sai in ɗauki azumina."